Haɗa motar kwana da wutar zango a Turai: wace waya, wane fulogi?

Abu Sadik ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu sanin lantarki ce da masu yawo da motar kwana, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Motar ƙirar Ingila ce, soket ɗinta na ciki mai ƙafa uku ne irin na Najeriya. Tafiyar mako huɗu ce da iyali: daga Dover a tsallaka Calais, a ratsa Faransa da Jamus da Suwizalan, a gangara Italiya. Abin da ke cikin motar waya ce guda, ruwan lemo, mita 25, da shuɗin kai a kowane gefe. Kayan wutar su ne firji, hitar Truma Combi mai aiki da gas da lantarki, cajar batirin litiyam mai amfiya 30, maikurowef da butar shayi ta gida. Shin wayar nan ta isa ko'ina? Mene ne juyewar waya da ake cewa ana fama da ita a Faransa? Kuma me ke sa wuta yawan ɗaukewa a zango? Allah ya saka da alheri.

Mai Waya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu Sadik. Wayar da ke hannunka ita ce ginshiƙi. Shuɗin kan nan shi ake kira CEE 17, ƙa'idarsa ta duniya IEC 60309, yana ɗaukar amfiya 16 a bolt 230. Launin ba ado ba ne: shuɗi na bolt 200 zuwa 250 ne, ja kuwa na wuta mai layi uku ne, bolt 400, ba ruwanka da shi ko ka gan shi a jikin turken wutar, wato sandar da zango ke kafawa mai soket ɗin da motoci ke jona wuta. Mafi yawan zangunan Turai shuɗin soket suke da shi, amma a Faransa da Jamus da Sifaniya har yanzu akwai tsofaffin wurare masu soket irin na gida, to nan ne ake buƙatar adafta.

Adafta ta farko, wadda ba a tafiya babu ita: guntuwar waya, gefe guda shuɗin soket, ɗaya gefen fulogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu. Duba da kyau ya zama samfurin CEE 7/7, wato yana da rami a fuska kuma yana da ƙarfe biyu a gefe. Dalili shi ne soket na Faransa yana da tsinke da ya fito waje, shi ne wayar ƙasa, wato atin, yana shiga ramin nan. Na Jamus kuwa, Schuko, da ƙarafan gefe yake kama wayar ƙasa. Fulogi guda ya biya duka biyun. 'Yan uwanmu na Nijar sun san waɗannan soket ɗin, irinsu ne a gidajen Yamai da Maraɗi. Suwizalan nata daban ne, ƙafa uku sirara, T13 mai amfiya 10 da T23 mai amfiya 16, kuma Schuko ba ya shiga. Italiya ma tana da nata mai ƙafa uku a jere, sai dai a zango shuɗin ya fi yawa. Ga Suwizalan, ka fara tambayar ofishin zangon kafin ka saya, da yawa suna ba da aro ko suna sayarwa.

Game da ita kanta wayar, karanta rubutun jikinta. Ana son jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, jijiya uku, za ka ga an buga 3G2.5. A Jamus ƙa'idarsu ta fi son mai baƙar roba H07RN-F, wadda ke jure sanyi da taka ta da taya, tsawonta kada ya wuce mita 25. Ƴar siririyar estenshan ta cikin gida ba ta da wuri a nan.

Wajen haɗawa akwai tsari. Ka kashe babban makunnin motar tukuna. Ka warware wayar gaba ɗaya, ka bi ta da ido da hannu ko akwai yanka. Ka sa gefen mota, sannan ka je turke ka sa ɗaya gefen, ka kunna turken, ka dawo ka kunna mota. Da za a tashi sai a juya tsarin: a kashe mota, a cire daga turke, a cire daga mota. Hikimar ita ce kada ka taɓa ɗaukar waya mai wuta a hannu kana tafiya da ita cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wasu turakun sai ka murɗa fulogin zuwa dama ka ji ƙas kafin wuta ta zo, kuma ba ya fita sai ka danna maɓalli. Idan ya ƙi fita kada ka fizga, nemi maɓallin.

Warware wayar nan da na ambata, mutane suna raina shi. Waya a naɗe a kan gangarta ba ta samun iska, zafin da take yi yana taruwa a tsakiya har roba ta narke jijiyoyi su haɗu. Duba jikin gangar waya, za ka ga lamba biyu: abin da take ɗauka a naɗe bai kai rabin na warware ba. Ragowar wayar a shimfiɗa ta a ƙarƙashin mota, dogon lanƙwasa, ba tari ba.

Hajiya Maman Ilham ta rubuta:

Malam, ɗaukewar wuta lissafi ne kawai, kuma butar shayinku ce za ta fara jawo shi. A Ingila an saba da turke mai amfiya 16 ko 10. A Faransa 6 da 10 ne suka fi yawa, a Italiya ana samun 6, ana samun 4, har da 3. Ka ninka amfiya da 230 ka ga abin da aka ba ka: 16 wat 3,680 ne, 10 wat 2,300, 6 wat 1,380, 4 wat 920, 3 kuwa wat 690 kacal.

Yanzu ɗora kayanka a kai. Butar gida ta Ingila tana jan wat 2,200 zuwa 3,000, ita kaɗai ta wuce turke mai amfiya 6 da nisa. Maikurowef da aka rubuta masa 800, wannan ƙarfin dafawa ne, abin da yake ja daga soket ya kai wajen 1,200. Truma Combi tana da mataki biyu na lantarki, 900 da 1,800. Cajar nan taka mai amfiya 30, idan batir ya yi ƙasa, tana tura wajen wat 430 cikin batir, wato tana jan kusan 500 daga turke, sama da amfiya 2. Firji mai aiki da gas da wuta yana cin tsakanin 120 da 190 gwargwadon girmansa. To firji da caja kaɗai, ba wanda ya kunna komai, sun cinye kusan amfiya 3. A turke mai 6, abin da ya rage maka wajen wat 700 ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne bireka ba ta faɗuwa nan take. Mai amfiya 6 za ta jure 7 na dogon lokaci. A ƙa'ida sai nauyi ya kai ninki 1.45, wato 8.7, sannan dole ta faɗi cikin awa guda. Sai mutum ya kunna hita ya ga shiru ya ɗauka lafiya, bayan minti ashirin duhu. A zanguna da yawa na Italiya da Sifaniya da Jamus akwatin bireka a kulle yake, makullin yana ofis, ofis kuma ya tashi tun magariba. Da yara a mota wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mafita mai sauƙi ce. Ku sayi butar tafiya mai wat 750 zuwa 1,000, ko ku dafa ruwa a kan gas. Duk inda aka ba ku ƙasa da amfiya 10, ku mayar da hitar kan gas. Abu mai zafi guda a lokaci guda. Cajar idan tana da wurin rage ƙarfi, a sauke ta zuwa 15 da dare, kafin asuba batir ya cika. Kuma tun a ofis ku tambayi amfiya nawa ne, domin a Faransa sau da yawa akwai zaɓi tsakanin 6 da 10 da ɗan ƙarin kuɗi. A Jamus da Austiriya kuwa wasu da mita suke sayarwa, a karanta ranar shiga a karanta ranar fita, ku ɗauki hoton mitar da wayarku. Hita a mataki na 1,800 na awa goma yunit 18 ne. A ce yunit santi 80, yuro 14.40 ke nan a dare guda. Wuraren tsayawar motocin kwana na Jamus da yawa turakunsu da tsaba suke aiki, ku tanadi santi 50 da yuro 1.

Injiniya Zazzau ya rubuta:

Sauran maganar juyewar waya, Malam Abu Sadik, kuma zan haɗa ta da wadda ta fi ta nauyi.

Jijiya uku ne a wayarka: ruwan ƙasa-ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta a gida ke kira atin. Tsarin Birtaniya, wanda Najeriya ta gada, ya ɗora tsaro a kan cewa an san wacce ce mai wuta: fis ɗin cikin fulogi a kanta yake, makunnin soket ita yake yankewa. A nahiyar Turai ba haka suka gina nasu ba. Schuko yana shiga ta kowace fuska, kayan wutarsu an ƙera su da sanin haka, don haka mai haɗa turke bai cika damuwa da wacce ta koma dama ko hagu ba. Idan motar Ingila ta sami juyayyar wuta, wato mai wuta da nutural sun musanya wuri, komai zai yi aiki, firji zai yi sanyi, caja za ta yi caji. Matsalar ita ce makunnin soket yanzu nutural yake yankewa, na'urar ta mutu amma cikinta da wuta. Wanda ya zura wuƙa cikin na'urar gasa burodi don ya kashe ta a soket, wuta za ta ja shi. Fis ɗin fulogi ma ya koma kan nutural, ba zai tsinke ba idan mai wuta ta taɓa jikin ƙarfe.

Ganowa da ƙaramin testa ne mai fitila uku, wanda ake sawa a soket ɗin cikin mota. Wasu motocin ma suna da jar fitila a akwatin wutarsu don haka. Gyaran ya danganta da turken. Idan Schuko ne, kashe, zare, juya fulogin, mayar. Idan na Faransa ne ba ya juyuwa saboda tsinken nan, haka ma shuɗin. Nan ake amfani da guntuwar wayar musanya: rabin mita na waya 2.5, shuɗin fulogi a gefe guda, shuɗin soket a ɗaya, a gefe guda kaɗai a musanya ruwan ƙasa-ƙasa da shuɗiya. Mai kore da rawaya ba a taɓa ta, tana kan ƙafa mai kauri a duka gefen. A naɗe ta da jan salatif a rubuta a jiki, don kada wani ya ɗauke ta a matsayin ta yau da kullum.

Wadda ta fi nauyi ita ce rashin wayar ƙasa. Mota a kan taya take, roba ta raba ta da ƙasa, wayar nan mai kore da rawaya ce kaɗai ke haɗa jikinta da ƙasa. Idan ta tsinke a turke ko a adafta, sannan wata na'ura ta fara yoyon wuta, jikin motar gaba ɗaya ya ɗauki lantarki. Yaro ya fito ba takalmi ya kama hannun ƙofa, shi ne ya zama hanyar. Don haka idan testa ya nuna babu ƙasa, cire waya, nemi wani turke, idan babu ka kwana a kan batir da gas. Ba a lallaɓa wannan. Kuma fulogi mai ƙafa biyu sirara marar ƙasa, wanda ke shiga kusan kowane soket har na Suwizalan, kada a taɓa haɗa mota da shi. A Denmak ma akwai tarko: Schuko yana shiga soket ɗinsu na gida daram, wuta ta zo, amma ƙasa ba ta haɗu ba.

A cikin motarka akwai RCD mai miliyamfiya 30, mai yanke wuta idan ta yi yoyo. Danna maɓallin gwajinta duk lokacin da ka haɗa, ya kamata ta faɗi nan take. Sai dai ka sani maɓallin yana gwada na'urar ce kawai, zai faɗar da ita ko da babu wayar ƙasa sam. Aikin testa daban, aikin maɓalli daban.

Abu Sadik ya rubuta:

Madalla, Allah ya ƙara basira. Injiniya da Hajiya, tambaya biyu suka taso. Idan turke ya yi nisa fiye da mita 25, a haɗa waya biyu? Sannan idan wuta ta ɗauke, ta yaya zan san nauyi ne ya yi yawa ko yoyo ne?

Mai Waya ya rubuta:

A ƙa'idar Birtaniya turke ba ya wuce mita 20 daga wurin ajiye mota, shi ya sa 25 ke isa. A kudancin Turai ana cin karo da mai nisan 40. Ƙa'ida ba ta son haɗi, a Jamus mai zango yana iya hana ka. Abu na farko shi ne ka duba inda turke yake kafin ka zaɓi wuri, kuma ka juya motar gefen shigar wutarta ya fuskanci turken, wannan kaɗai yana ceton mita bakwai ko takwas. Idan ba makawa, ta biyun ma ta zama 2.5 mai shuɗin kai, mahaɗar a ɗaga ta daga ƙasa a sa ta cikin akwatin roba da aka yi don haka. Shuɗin kai matakinsa IP44 ne, yana jure feshin ruwa, ba ya jure kwanciya a kududdufi. Kada a ɗaure shi cikin leda, raɓa ce ke taruwa a ciki.

Ga lissafin raguwar ƙarfi. Waya 2.5 tana zubar da wajen milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita. Mita 25 a amfiya 16, bolt 7 ya tafi. Mita 50, bolt 14. Waya 1.5 kuwa milibolt 29 ce, mita 50 a amfiya 16 ta ci bolt 23, kuma duk abin da ta ci zafi ya zama a jikinta.

Bambance faɗuwar kuwa, duba lokaci da kuma abin da ya faɗi. Idan bayan mintuna ne da kunna abu mai zafi, nauyi ne, rage kaya ka ɗaga. Idan da sa fulogi ta faɗi, ko wadda ke da maɓallin gwaji ce ta faɗi, yoyo ne. Cire wayar daga mota da turke, buɗe kawunan ka duba ruwa ko sako-sakon sukuru. Idan suna lafiya, kashe duk ƙananan birekun mota, haɗa, ka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta nuna kanta. Galibi ƙarfen dumama na firji ne ko na tukunyar ruwan zafi da ya sha danshi. Akwai na uku: babbar caja ko esi suna fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar farko, ƙaramar bireka samfurin B mai amfiya 6 tana faɗuwa nan take tsakanin amfiya 18 da 30. Maganinsa a haɗa mota caja tana kashe, sannan a kunna ta ita kaɗai.

Tsohon Direba ya rubuta:

Injiniya, a gafarce ni, ina ganin an ɗan girmama juyewar waya fiye da kima. Motocin Ingila na zamani RCD ɗinsu da birekunsu jijiya biyu suke yankewa, sashe na 721 na BS 7671, ƙa'idar aikin wuta ta Birtaniya, ya wajabta haka. Wanda ya saba zare fulogi maimakon kashewa a soket ya rufe mafi yawan haɗarin. Wayar musanyar ma kanta, idan hannun da bai iya ba ne ya haɗa ta, ta fi abin da ake gudu haɗari. Wanda bai taɓa ɗaure shuɗin kai ba ya sayi haɗaɗɗiya ko ya kai wa mai aikin wuta. A kan wayar ƙasa kam ba ni da ja.

Ƙari ga masu niyyar wuce inda Malam Abu Sadik zai tsaya. A Norwe yawancin tsofaffin layukansu ba su da nutural, jijiyoyin biyu duk masu wuta ne, kowace wajen bolt 130 tsakaninta da ƙasa, 230 a tsakaninsu. Testa zai nuna kuskure ko ka juya ko ba ka juya ba, wayar musanya ba ta da amfani a can, abin dogaro shi ne bireka mai yanke biyu. Wasu unguwannin Beljiyam ma suna da tsari mai kama da haka.

Masu tsallakawa Maroko daga Algeciras zuwa Tanja kuwa, abin da za su tarar mun san shi a gida: lo-karan. Soket irin na Faransa ne, amma da hunturu zangunan wajen Agadir suna cika da motocin Turawa, da yamma kowa ya kunna hita ƙarfin wuta ya zube. Ma'aunin Turai 207 zuwa 253 ne, ƙasa da haka akwai matsala. Firji mai ƙarfen dumama a bolt 200 kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa yake samu, a 190 kuwa wajen kashi biyu cikin uku, nama ya lalace alhali fitilarsa na ci. A mayar da shi kan gas. Esi mai kwamfuresa shi ne ke ƙonewa. A sa ƙaramar mitar bolt a soket guda ta zauna a nan. Sitabilaiza tana taimako amma ba kyauta take yi ba: wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne, a bolt 180 ya zama 5.6, turke mai 6 ya kusa ƙurewa.

Injiniya Zazzau ya rubuta:

Baba, na yarda da rabin maganar. Sababbin motoci haka suke, amma fis ɗin fulogi da makunnin soket suna nan a jijiya guda, kuma akwai tsofaffin motoci da waɗanda mutane suka mayar da kansu daga motar kaya, waɗanda ba wanda ya san yadda aka ɗaure akwatinsu. Malam Abu Sadik, buɗe murfin akwatin wutarka ka duba: bireka mai yanke biyu tana da faɗin gida biyu, ko an zana makunni biyu a jikinta, ko an rubuta 2P ko 1P+N. Idan ba haka ka gani ba, wayar musanya ta zama dole a gare ka.

Kafin tafiya ka kai motar wurin mai aikin wuta ya gwada RCD da na'ura ya ga daƙiƙar da take ɗauka, ya auna ci gaban wayar ƙasa daga ƙafar fulogi har jikin ƙarfen motar, ya kuma gwada kowace adafta daban, domin ƙaramin testa mai fitila uku ba ya gane an musanya nutural da ƙasa. A jakar wayar ka ƙara shuɗin fulogi guda da shuɗin soket guda na ajiya, sukundireba mai rufaffen hannu, fis na amfiya 3 da 13, tocila, da safar hannu don naɗe jiƙaƙƙiyar waya da safe. Adaftar fulogin Ingila mai amfiya 13 ma ka riƙe ta, da ita za ka kunna firji a ƙofar gida kwana guda kafin tashi, ya yi sanyi kafin a zuba kaya.